Cibiyar koyon aikin sola a Maraɗi: abin da yaron shagona ya fito da shi

Tun da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar, kasuwar sola ta buɗe a Maraɗi. Wutar garin nan ta layin Katsina take shigowa, ta Gazawa, shi ya sa muka ji a jikinmu. An ɗage takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Fabrairu na 2024, amma wanda ya taɓa kwana cikin zafi babu fanka bai ƙara sakin jiki da kuran ba. Duk mai ɗan hali ya ɗora panno a kan kwano. Sai ga cibiyoyin horo sun biyo baya, kowace da allonta a bakin titi, kowace da alƙawarin mayar da yaro gwani cikin wata uku.

Ni mai shagon kayan lantarki ne kusa da babbar kasuwa: batir, panno, waya, ampul, regilata mai daidaita cajin batir. Hawa rufi ya fi ƙarfina yanzu, ɗan ƙanwata ne ke yi mini, yaro mai hannu da ya bar lakwal kafin jarrabawar BEPC ta ƙarshen koleji. Na biya masa jika arba'in a wata cibiya mai zaman kanta. Ma'aunin da zan auna ta da shi guda ne, kuma a shagona yake: kayan da na sayar, yaron ya haɗa, suna dawowa da ƙorafi ko ba sa dawowa? Mai saye ba ya cewa mai haɗawa ya ɓata masa aiki. Batir in ya mutu cikin wata huɗu, shagon da ya fito ake zagi.

A kan wannan ma'auni, kuɗina bai faɗi ba, kuma dalilin mutum ɗaya ne, malamin da ke koyar da aikin hannu. Dattijo ne, tsohon ɗalibin makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, wanda ba ya yarda a taɓa waya sai an yi lissafi. Kafin azumi wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta zo tana son panno ɗaya da batir ɗaya mai amfa 100, don firizarta ta kwana tana aiki. A da, da an ɗaure mata kaya an tafi. Yaron ya ce sai ya ga firizar tukuna. Ya hau kabu-kabu, ya karanto ɗan allon da ke bayanta, ya dawo ya ja kwalin batir yana rubutu a kai.

"Kawu, wannan ba zai kai ta asuba ba," in ji shi. "Bolt 12 sau amfa 100, wat 1,200 ke nan na awa ɗaya, a takarda. Batir na dalma kuwa ba a shanye fiye da rabinsa in ana son ya daɗe. Saura 600. Firiza a bazara injinta ba ya hutawa."

Hajiya ta ɓata rai. "Kai yaro, so kuke ku ƙara mini kaya ku ci kuɗina."

"A'a Hajiya, kuɗinki nake tsare miki. Ki ƙara panno, ki bar batir yadda yake. Ta daskare da rana lokacin da wuta ke banza, da magariba ki kashe ta, kada a yi ta buɗewa."

Haka aka yi, ta sha azumi tana sayar da ƙanƙara, har ta turo mini maƙwabciyarta. Yawancin batiran da ke mutuwa a garin nan ba jabu ba ne, an ɗora wa jaki kayan raƙumi ne kawai. Wannan lissafin shi ne babban abin da yaron ya samo.

Akwai ƙananan ɗabi'u kuma da na ga sun zauna masa. Yana haɗa batir da regilata kafin ya jona panno. Yana fuskantar da panno kudu, ya ɗan karkata shi wajen digiri 15, ya bar tazara tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa, tunda zafi na rage masa ƙarfi. Ba ya yarda da siririyar waya tsakanin batir da injin juya wuta, kuma ba ya barin gida sai ya sa fis. Yana gaya wa masu gida su goge ƙurar hunturu da safe da tsumma mai laushi, kada su ajiye batir a ɗakin girki ko inda rana ke dukansa. Duk a bakin malamin ya ji, kuma da Hausa ya ji.

To, in ka cire malamin nan, sauran cibiyar sai a hankali. Na leƙa ajin da kaina. Yara sun cika ɗaki maƙil, na'urar auna wuta biyu ce ke yawo a tsakaninsu, mai kunya sai a tashi bai taɓa ta ba. Namu ya tsira ne don yana da tasa a shago, kuma da yamma yana maimaita abin da aka yi da safe a kan kayan gaske. Wanda ya zo daga Tibiri ko Gidan Rumji ba shi da kowa a sana'ar, ido kawai ya ba aikin. A bayan aji kuma akwai wasu da wani furoje ya turo, ana ba su kuɗin zama kullum; su sa hannu a takarda, su koma kan salula. Ranar rufewa aka kafa rumfa, aka ɗauki hotuna, kowa ya karɓi takardar shaida iri ɗaya. Babu wanda aka ce ya haɗa ko ampul guda a gaban jama'a kafin a ba shi. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin gobe mai takardar da bai iya ba zai ƙona wa wani gida, sunan da za a ɓata kuma na duk masu sana'ar ne.

Takardun darasi da Faransanci suke. A ajin akwai almajirai da suka sauke Alƙur'ani, masu kaifin kai, amma in sun koma gida takardar ba ta yi musu magana. Tun watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ban ga abin da zai hana a rubuta shafi goma da Hausa, da zane, ba.

A allon talla sun rubuta famfon sola. Ga masu lambu a Jiratawa da gefen Madarunfa suna neman wanda ya iya shi ruwa a jallo, amma a cibiyar da alli aka zana famfon. Batir na litiyom ma, da kasuwa ke komawa gare shi, ko ɗaya ba su da shi. Ba a koya musu yadda ake yanka kuɗin aiki ba, sai da na zaunar da yaron na nuna masa yadda ake raba kuɗin kaya da na hannu da na mota. Sitaj ɗin da aka yi alƙawari kuwa, wato koyon aiki a wurin masu sana'a, cewa aka yi kowa ya nemi wuri.

Abu ɗaya da na yaba wa shugaban cibiyar: ya ɗauki 'yan mata, bai ƙara musu ko dala ba. A garin da gidaje da yawa ba a shiga, macen da ta iya duba batir da regilata ba za ta rasa aiki ba.

Tun da aka rufe, babu wanda ya kira yaron daga cibiyar ya ji ko yana aiki. Su adadin takardun da suka raba suke ƙirgawa. Masu zuba kuɗi a horo, ko furoje ne ko asusun FAFPA na gwamnati mai tallafa wa koyon sana'a, da za su zo layinmu bayan wata shida su tambayi masu shago wane yaro ake sake kira, da sun san inda kuɗinsu ya yi amfani.

Wanda zai kai ɗansa, ya fara samo masa ubangida mai aikin sola tukuna, sannan ya je ajin ba tare da sanarwa ba, ya ƙirga kayan aiki ya ƙirga kawuna, ya tambayi wa ke koyar da aikin hannu. Ni zan kai ƙanen yaron bayan damina, muddin malamin nan yana nan. Na kuma gaya wa shugaban cewa zan ara musu batir na litiyom guda ranar Asabar, in sun yarda a yi wa yara gwajin hannu kafin a ba su takarda. Ya ce zai yi shawara.