Makarantar soja ta Prytanée ko ƙungiyar sikawut: ina za a kai yaro?

Tun da ɗan yayata ya shiga Prytanée ta Yamai, iyaye ke tare ni a wajen biki da suna: "Hajiya, can za mu kai namu, ko sikawut ta isa?"

Prytanée, wadda aka buɗe a 1996, makarantar kwana ce a hannun sojoji. Ba a shigarta sai da jarrabawar gasa bayan aji shida na firamare, da gwajin lafiya, kuma guraben kaɗan ne. Yaro zai zauna shekara bakwai har BAC (jarrabawar kammala sakandare), cikin kaki, tashin asuba, fareti, ga karatu mai tsanani. Da namu ya zo hutun farko, na ga ya ninke bargonsa tsaf kafin kowa ya farka. Amma uwarsa ta sha kuka, don rabuwa da ɗan shekara 12 ba wasa ba ne, kuma ba kowane yaro ke jure wannan horo ba.

Sikawut, ƙungiyar horar da yara da wani hafsan sojan Birtaniya, Baden-Powell, ya kafa a Ingila a 1907, ba ta raba yaro da gida. Yana lakwal ɗinsa, ƙarshen mako ya ɗaura ƙyallen wuya, ya koyi taimakon gaggawa, kafa tanti, shugabancin ƙaramin rukuni da aikin gayya. Kuɗin kaya da na zango na kan iyaye. Rauninta ɗaya: in jagoran ya yi sanyi, komai ya yi sanyi.

Yaro mai ƙwazon karatu, wanda shi da kansa ke sha'awar kaki, a gwada masa Prytanée. Wanda har yanzu yake buƙatar idon uwa, ko ya wuce shekarun gasar, sikawut ta fi dacewa da shi.