Farcen Kuɗi: Takardar Gaske, Sitika Ko Zanen Hannu?

A shekarun 1990 wata mai gyaran farce a Amurka, Bernadette Thompson, ta yayyanka takardar dala ta liƙa a farcen mawaƙiya Lil' Kim don ɗaukar hoto. Adon ya yi farin jini, har gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya baje irinsa a 2017. Idan ke ma ya shiga ranki, 'yar'uwa, ki san abin da za ki ce a yi miki kafin ki miƙa hannu.

Takardar kuɗi ta gaske ita ce ta asali, kuma ita ce ba zan ba ki shawara a kai ba. Ana yanka ta ƙanana, a ɗora a kan shimfiɗar farko ta akirilik, wato haɗin hoda da ruwa da ake gina ƙarin farce da shi, a rufe da wani akirilik ɗin mai haske kamar gilashi. Dala tana jure wannan saboda kashi 75 na takardarta auduga ce, amma tana da kauri, kuma idan gefenta bai rufu ba farcen zai fara ɗagowa, ruwa ya samu mashiga. Naira kuwa kada ma ki soma. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza ₦50,000 ba, ko duka biyun, ga mai wulaƙanta ta. Ki yanka hoton Sardauna da ke jikin ɗari biyu, ki ɗauki hoto ki sa a Instagram, ai ke kika kai ƙarar kanki. Amurka ma tana da dokar hana lalata kuɗinta.

Sitika ita ce zaɓina. Wadda ake tsoma wa a ruwa ta zame daga takardarta ta fi mai gam, domin siririya ce, tana kwanciya luf. Ki duba girman zanen tun a shago: fuskar Benjamin Franklin ta dala ɗari sai dogon farce mai faɗi, mai gajeren farce ta tsaya a alamar $ kawai. Masu arahar nan tawadarsu na iya zuba idan ruwan akirilik ya taɓa ta, don haka a gwada a farce ɗaya tukuna.

Zanen hannu ya fi tsada da cin lokaci, amma yawancin sitikar kasuwa ta dala ce, mai son alamar ₦ sau da yawa sai ta nan. Ki ce a nuna miki hoton aikin mai zanen, ba wanda ta sauko da shi daga intanet ba. 'Yan ƙarafan ado masu ruwan gwal kuma suna da kyau a hoto, sai dai su kama mayafi, su kama gashi.

Abin da ke ƙarƙashin adon ya fi adon muhimmanci. Ki nemi ganin kwalbar ruwan haɗin akirilik ɗin: mai sinadarin EMA ake so, ba mai sinadarin MMA ba, domin MMA na taurin tsiya, ya ƙi narkewa a asiton, wato ruwan da ake cire akirilik da shi, ya ɓata farcenki na gaske. Ki kuma lissafa kuɗin ciko, wato cike gurbin da farce ya bari da ya tsiro, duk bayan sati biyu zuwa uku. Zanen da aka binne cikin akirilik ba ya canzuwa sai an goge ko an cire duka.

Sai maganar alwala. Akirilik yana hana ruwa isa ga farce, kuma ba abin cirewa ba ne sau biyar a rana. Idan don biki ɗaya ne, ki sayi farcen roba mai zanen kuɗi wanda ake mannawa da ɗan tef mai gam a fuska biyu. Ki sa bayan isha'i, ki ɓare kafin asuba, ki ajiye a kwalinsa sai wani bikin.