Gidan likitan da ya hana mu ɗaure ƙanena

Jiya a fadarmu ta Bukoki gardama ta kaure kan wani da aka ce ya yi kisa cikin ciwon taɓin hankali. Wani ya rantse mai irin wannan ciwo ƙarfin ƙato goma gare shi, aljanu ke ara masa. Na yi shiru da shayina, don na taɓa riƙe irinsa, kuma ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bara da bazara ya kwana huɗu bai runtsa ba, yana cewa ana biyo shi da wuƙa. Ranar ta biyar ya ɓalle ƙyauren ɗaki. Mu huɗu muka danne shi da ƙyar, muka sa masa igiya, sai wani ƙaramin gidan likita nan Yamai da ba zan kama sunansa ba.

Majon, wato ma'aikacin jinya, da ya tarbe mu igiyar ya fara dubawa. "Malam, ku kwance shi, ku ja da baya, mutum ɗaya ya yi magana." Ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan, bai tare ƙofa ba, ya miƙa masa ruwa. Sun kusa rabin awa kafin yaron ya yarda da allurar Haldol, maganin taɓin hankali. Wallahi kunya ta kama ni.

Daga baya lokotoro ta ce mini ƙarfin nan tsoro ne tsagwaronsa. Jiki na zubo adirenalin, sinadarin da tsoro ke tayarwa, mutum ya daina jin ciwo, ya saki duk ƙarfinsa kamar wanda gobara ta ritsa a ɗaki, kuma kowane hannu da ya danne shi na maƙiyi ne a idonsa. Ta tambaya ko yana shan taramol ko wiwi, don su da rashin magani ke ƙara haɗari. Yawancin masu ciwon, in ji ta, ba sa taɓa kowa, su ake duka. Batun kisa kuwa, kotu kan sa likitan ƙwaƙwalwa ya duba ko mutum na cikin hankalinsa lokacin da ya aikata.

Inda suka ɓata mini rai: ba wanda ya faɗa mana abin da Haldol kan jawo. Bayan kwana biyu wuyansa ya karkace, harshe ya fito, idanu suka kafe sama. Inna ta fasa kuka, wai aljanu sun dawo. Ashe Artane ne maganinsa, kuma babu shi a farmasinsu, sai da na zaga uku cikin dare. Lokotoron ma sau biyu take zuwa a sati, layi tun asuba, ganinta jikka biyar.

Duk da haka can nake tura mutane. Yanzu allura ɗaya yake karɓa duk wata, ya koma rumfarsa a kasuwar Katako. Tabon da ke wuyan hannunsa na igiyarmu ne.