Naira miliyan 1 da dubu 870 na tura masa, har yau ban ga injin ba

Jama'a, akwai wani mai tallar injin yankan ciyawa a Facebook, yana cewa kayansa na hannu ne daga Amurka. Ɗan damfara ne. Naira miliyan 1 da dubu 870 ya ci mini. Tun ranar Talata nake son in rubuta wannan, kunya ta hana ni.

Kada wani ya ce mini ban san aiki ba. Shekara tara ke nan ina gyaran ciyawa a Kaduna, gidaje a Malali da Unguwar Rimi, ga filin ƙwallon wata makaranta da nake kula da shi. Wanda ya san daminar garin nan ya san kiri-kiri ba ta jiran kowa, daga Yuli zuwa Satumba in ka bar ta kwana goma sai ta rufe maka idon sawu. Da injin turawa nake yi, ni da yarana biyu, filin nan kaɗai yana cin mana kwana biyu. Shi ya sa na daɗe ina burin irin wanda ake hawa, wanda suke kira ziro-tan. Ba shi da sitiyari, liba biyu gare shi, kowace tana tafiyar da tayar baya ɗaya. Ka tura ta dama gaba, ka jawo ta hagu baya, sai ya juya a inda yake tsaye, ya zagaye gindin bishiya bai bar komai ba.

Ƙirar kamfanin Husqvarna ya nuna mini, mai faɗin inci 54, injin Kawasaki. Ya ce miliyan 2 da dubu 800, in ba da rabi kafin alƙalami, sauran in ya iso. Na gwada mutumin, wallahi na gwada shi. Na tambaye shi wuƙa nawa ce a ƙasa, ya ce uku. Na tambaye shi bel, na tambaye shi ko tayar gefe ɗaya tana sanyi in injin ya yi zafi, don na san nan ne ciwon irin waɗannan injuna. Duk ya amsa kamar makaniki. Na ce ina son ganin agogon da ke ƙirga awoyin aiki, ya turo bidiyo, ga shi nan 312. To me kuma ya rage mutum ya tambaya?

Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Muna cikin waya sai ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, an tayar da sallah, bari in yi in kira ka." Kuma ya kira. Ya ce, "Yallaɓai, amana ce tsakanina da kai, ni ma ɗan Arewa ne, neman abinci ya kawo ni Legas." A nan zuciyata ta kwanta. Kullum da dare sai maganar nan ta dawo mini, bari in yi sallah in kira ka. Da sallah ya cuce ni. Ina ajiye wayar na tura miliyan 1 da dubu 400.

Dubu 120 na direba su ne na ƙarshe, kafin nan akwai dubu 350 da ya ce na kwastan ne, wai kwantenar tana Apapa an riƙe ta sai an cika kuɗin fito. A nan ya kamata in tsaya, tunda da farko cewa ya yi injin yana shagonsa. Na ma faɗa masa haka, ya ce wancan ɗin wani ya riga ni, wannan ya fi shi lafiya. Kuɗina sun riga sun shiga hannunsa, ya zan yi? Na tura. Sannan wani ya kira ni, wai shi ne direba, yana Lokoja mai ya ƙare. Na tura dubu 120. Ku haɗa da kanku: miliyan 1 da dubu 870. Dubu 500 a ciki adashin maiɗakina ne, ta ɗauka ta miƙo mini da hannunta, ta ce Allah ya sa albarka.

Sunan da ke kan asusun ma ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. Wannan tun a turawar farko ne, na manta ban faɗa ba.

Ranar Talata na wayi gari ya toshe ni, lambar direban a kashe. Ɗan yayata ne ya sake duba bidiyon, ya ce, "Kawu, dubi gidan da ke bayan injin." Gidan katako ne irin na Amurka, har da akwatin wasiƙa a bakin titi. Sau fiye da ashirin na kalli bidiyon nan, idona yana kan 312 ɗin, ban taɓa kallon bayansa ba.

Na je banki, na kuma kai ƙara. Hotunan hirarmu da rasit uku duk suna wayata, zan ɗora su da daddare in na rufe lambobina. Kada ku tura ko sisi sai wani naku ya je ya hau injin ya tayar da shi da hannunsa.

Na riga na yi wa shugaban makarantar alkawarin daga wannan watan yini ɗaya zan riƙa gama filin. Jiya ya kira ni yana tambaya ko injin ya iso. Ban ɗaga ba. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, ban yafe ba.