Python Tutor ya nuna mini yadda gado ke tafiya

Python Tutor shafi ne na kyauta da Philip Guo ya ƙirƙira a 2010. Ba sai ka sauke komai ba, ka liƙa shirin Python da ka rubuta, ka riƙa danna Next, yana zana maka abin da ke faruwa layi bayan layi.

Ni a batun gado (inheritance), wato aji (class) ya gaji abubuwan wani aji, na fi morarsa. Na rubuta ajin Dabba, sannan Akuya(Dabba) ta gaje shi. Da aka iso kan super().__init__(suna), sai ga sabon akwati ya buɗe, aiki ya koma wurin uwa, wato Dabba, aka ajiye suna, aka dawo. Goge layin nan ka nemi suna, AttributeError, wato saƙon kuskure cewa babu sunan, ce za ta tare ka, a zanen ma akuyar fayau take.

Aji mai iyaye biyu ne ya fi burge ni. A nan za ka gane ashe super() ba lallai uwa yake kira ba, na gaba a jerin MRO (jerin azuzuwan da Python ke bi ɗaya bayan ɗaya wajen nema) yake nema, wani lokacin ma ɗan'uwa ne.

Sai dai dole sai da intanet, kuma bayan mataki 1000 yana tsayawa. A kwamfuta ya fi daɗin kallo, waya ta yi masa kaɗan.