Tsarin kula da yara na PlayStation 5, ga ra'ayina

Gaskiya tsarin nan ya burge ni sosai, zaka bude wa yaro akawun dinsa daban karkashin naka, ka saka shekarunsa, shikenan duk gem din da ya fi karfinsa ba zai budu ba. Yana bin lambobin PEGI ne, wato tsarin Turai na nuna shekarun da kowane gem ya dace da su, 3, 7, 12, 16 da 18, a Amurka kuma ESRB suke amfani da shi, gem irin su GTA masu 18 kam ko kusa yaro ba zai taba ba. Har lokacin wasa zaka iya kayyadewa da kudin da zai kashe duk wata.

Matsalar daya ce, lambar bata shafi hirar da yake yi da mutanen da bai sani ba ta intanet ba, wannan sai ka shiga saitin da kanka ka rufe, kuma iyaye da yawa wallahi basu ma san akwai shi ba.