Likitan nesa ya duba ƙafar Inna a Agege

Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu a Zamfara, Inna take zaune da mu a Agege, cikin Legas. Tana da ciwon suga, ga wani gyambo a tafin ƙafa da ya ƙi warkewa. Wata ƙungiyar agaji da ke duba marasa ƙarfi kyauta a unguwarmu ita ta haɗa mu da likita ta waya, kuma na gamsu, sai dai ba ɗari bisa ɗari ba.

Kada a ɗauka kiran bidiyo ne kawai. Nas ce ta wanke gyambon, ta auna suga da hawan jini, ta ɗauki hoto, ta rubuta tarihin ciwon, ta tura wa ƙwararre ta intanet. Washegari amsa ta iso. Tsarin ba baƙo ba ne a aikin jinƙai, ƙungiyar likitoci ta MSF na amfani da irinsa tun 2010, inda likitan da ke bakin aiki ke neman shawarar ƙwararru a wasu ƙasashe. Kuma ya dace da halinmu, domin saƙo na jiran sabis ya dawo, amma bidiyo da sabis ya girgiza shi ke nan.

Bayanin likitan ne ya fi burge ni. Ya ce suga kan kashe jijiyoyin ƙafa, shi ya sa Inna ke taka gyambon ba ta jin zafi. Ya hana shafa maganin gargajiya a kai, ya hana yawo ba takalmi, ya ce da an ga kumburi, wari, zazzaɓi ko baƙi a yatsu, a garzaya babban asibiti irin LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, kada a jira waya. Wannan gaskiyar ta sa na yarda da shi.

Amma a ganina nas ɗin ce ƙashin bayan aikin. Tana jin Hausa. Kafin ta ɗauki hoto sai da ta ce, "Mama, kin yarda? Ƙafar kaɗai zan ɗauka, ban da fuska." Dattijuwar da ke kunyar buɗe ƙafa gaban baƙo ta saki jiki, har ta faɗi jiƙon da take sha a ɓoye.

Inda ƙungiyar agajin ta gaza: an rubuta magani, amma babu shi a wurinsu, sai kemis, ga tsada. Wanda ya baro gonarsa da shanunsa ina zai samo kuɗin? Sannan kowane zuwa likita daban ne, sai a sake labari daga tushe.

Gyambon yana rufewa, alhamdulillahi. Mai ciwon suga ko ciwon fata a Agege ko Mile 12, ina ba shi shawarar ya gwada, ya tanadi kuɗin magani, ya kuma roƙi a ba shi amsar likitan a rubuce.